Yadda zaki yi wa gashinki gilez a gida ya yi sheƙi, launinsa ya dawo

Bara da hunturu ana saura kwana biyar bikin ƙanwata na tsefe kitson da ya yi sati uku a kaina, na wanke na busar, ina tsayawa gaban madubi sai naga abin tausayi. Tsawon gashin na nan bai karye ba, amma ya yi wani ja-ja kamar gemun masara, musamman baki-bakinsa da wajen goshi, ga shi ya dushe babu haske ko kaɗan. Na ɗebo man kaɗanya na lafta, na bi da man zaitun, ya yi ƙyalli na awa biyu sai ƙura ta bi ta manne, washegari ya fi jiya muni. Wata ƙawata mai shagon gyaran gashi ce ta kalle ni tace ke dai baki gajiya da mai, ai maiƙo daban sheƙi daban. Ita ta fara yi min abin da suke kira gilez, wasu a shago suce rins, kuma tun daga lokacin da kaina nake yi a banɗaki don wallahi ba wani abu bane mai wahala.

Bari in fara da dalilin dushewar, don in kin gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, ƙanana-ƙanana a jere wani kan wani kamar yadda ake jera kwanon rufi. In sun kwanta lumui haske yana dukansu ya dawo, shi ne sheƙin da ido ke gani. In sun tashi tsaye sai hasken ya watse, gashin ya yi kaushi a hannu ya dushe a ido, kuma ko launi kika sa ta nan yake zurarewa. To me ke tayar da su? Duk macen da ta taɓa girki ta san kanwa da tsami, ɗaya na kashe ɗaya. Akwai ma'aunin da ake kira pH daga 0 zuwa 14, ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Gashi shi yana son wajen 4.5 zuwa 5.5, wato ɗan tsami-tsami. Rilaksa kuwa tana can sama wajen 12 zuwa 14, shi yasa take iya miƙar da gashi, shi yasa kuma take barinsa a buɗe. Sabulun salo da sabulun wanka da wasunmu ke wanke kai da su suma ɓangaren kanwa suke. Ki haɗa da rana, da iskar hunturu, da ruwan rijiya ko na bohol mai gishiri-gishiri da ke barin wani fari-fari a jikin bokiti, irin wannan farin yana zama a gashi ma. Kinga ba ƙarancin mai bane matsalar.

Gilez wani ruwa ne mai ɗan kauri kamar kwandishina da yake lulluɓe silin gashin ta waje, ya kwantar da ɓawon nan ya cike gurbin da ya zaizaye, in mai launi ne ya bar ɗan launi a sama. Babu amoniya a ciki, yawanci babu feroksayid, wato sinadaran nan masu ƙarfi da ake sawa a rinin gashi, don haka baya shiga can cikin gashin kuma baya iya rage duhun launinsa. Wannan ki riƙe shi da kyau: in gashinki baƙi ne wuluk kika sayo mai ruwan zuma kina tunanin zaki fito kamar wadda ke jikin kwalin, kuɗinki kika zubar. Abin da zaki samu ɗan wal-wal ne in kin shiga rana, shikenan. Yana ƙara duhu ko ya gyara launin da yake akwai, baya rage duhu. Kuma baya daɗewa, sati ɗaya zuwa biyu ne, ko ince wanki kaɗan ya tafi, sai dai mu da ba kullum muke wanke kai ba yana ɗan jimawa a kanmu fiye da Turawan da ke wankewa kowace safiya.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira gulos, kuma kamfanoni suna cakuɗa sunayen son ransu, don haka kar ki dogara da sunan da ke gaban kwalba. Ki buɗe kwalin ki gani: in kwalba ɗaya ce ki zuba ki shafa, wannan mai sauƙin ne. In kwalba biyu ce ana haɗawa, to ɗayar tana da ɗan feroksayid mara ƙarfi, yana ɗan shiga cikin gashin kuma yana kai sati huɗu zuwa shida. Irin Shades EQ na Redken da ake yi a manyan shaguna wannan ne. Na kwalba ɗaya da aka fi samu a wajenmu shi ne Adore, yana da launuka da yawa har da wanda ba launi a cikinsa sam, fari tas kamar ruwa, sai kuma irin su Le Color Gloss na L'Oréal da ake kawowa daga waje. Ni shawarata ga mai farawa ta sayi mara launin. Ba abin da zai ɓaci, ba tabo a tawul, ba kunya a gidan biki, sheƙi kawai. Kuma in kin ga mai launin ya miki ƙarfi kina iya sirka shi da mara launin, rabi da rabi.

Zaɓen launi kuwa, ki tsaya kusa da naki. Wadda gashinta ya yi ja saboda rilaksa da rana kamar nawa, ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi ke kashe jan, saboda irin wannan jan ruwan lemo ne, shuɗi kuwa na danne ruwan lemo, shunayya na danne rawaya, kore na danne ja. Abin dariya kakanninmu sun riga mu, shuni suke shafawa a kitso ya yi baƙi sul yana ɗaukar ido, daga baban rinin nan dai da ake tura zane da shi a marinar Ƙofar Mata. Wadda kuma ta rina nata ja ko ruwan goro da gangan ya fara koɗewa, sai ta nemi mai irin launin ta farfaɗo da shi, ya fi ta sake zuba rini mai ƙarfi kan gashin da ya riga ya sha wuya. Masu furfura, gilez baya rufe ta ruf, yana dai rage mata haske ta saje, kuma ku yi hattara da ja ko shunayya don farin gashi kama launi yake kamar farin yadi, sai ki ga silin ya fito jajir shi kaɗai. Maganar baƙin rini a kan furfura kuma akwai hadisin Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar ranar buɗe Makka, da aka ce a canza furfurarsa amma a nisanci baƙi, malamai sun yi bayani a kai, wadda abin ya shafa ta tambayi malaminta kafin ta zaɓa.

Wajen saye ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba murfin ba a taɓa buɗewa ba. Kwalbar da ta sha rana a kan tebur a bakin titi har rubutun jikinta ya koɗe, ki barta.

Yanzu kafin ki taɓa kanki, gwaji. Na san ba wanda ke son yi, nima da bana yi. Ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu ki barshi awa 48, in ya yi ƙaiƙayi ko ja ko ƙuraje ko kumburi to ba naki bane, ki bayar. Wannan ya fi zama dole ga duk wadda dayis ko baƙin lallen biki ya taɓa yi wa ƙuraje a hannu, saboda akwai wani sinadari PPD a cikinsu wanda in jiki ya ƙi shi sau ɗaya to ya ƙi shi kenan har abada, kuma karo na biyu ya fi na farko tsanani, har fuska da ido suna kumbura. Yawancin rinin gashi mai duhu da ake haɗa kwalba biyu yana da shi ko danginsa, ki karanta bayan kwalin. In kin sa abu a kai kika ji fuska na kumbura ko numfashi na miki wuya, ki wanke maza ki tafi asibiti, ba a jiran wannan ya wuce da kansa. Gwaji na biyu na launi ne, ki ware ɗan gashi ta ƙeya inda ba a gani ki shafa ki jira lokacin da aka rubuta ki wanke ki busar ki duba a rana. Baki-bakin gashin da ya sha rilaksa shan launi yake kamar soso, yakan fi gindin duhu sosai, gara ki gani a ƙeya da ki gani a goshi.

Ranar yi, ki tanadi safar hannu ta leda, tsohuwar riga da tsohon tawul, roba ko kwanon da ba na abinci ba, mataji mai manyan haƙora, abin kama gashi guda huɗu, hular leda ko kawai leda mai tsafta, da basilin. In baki daɗe da yin rilaksa ba, mai kwalba biyu ki bashi sati biyu tukuna. Mai kwalba ɗaya wasu kamfanonin sun rubuta ana iya yi rana ɗaya da rilaksa, amma in fatar kanki ta ƙone ko akwai ɓawon ciwo ki bari ta warke, ba gaggawa.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kanmu baya rabuwa da man shanu, man kaɗanya, basilin, man kitso kala-kala, to gilez ba zai zauna a kan maiƙo ba, zamewa zai yi ya bi ruwa. Ki tsefe tas, ki taje, ki wanke da shamfu mai cire maiƙo sau biyu har ki ji gashin ya yi garau a hannu. Kar ki ƙarce fatar kai da farce. Kar ki sa kwandishina bayan wankin, sai an gama. In karkashi kike wanke kai da shi kamar ni, ranar nan ki haƙura da shi tukuna don santsinsa baya cire mai sosai, kuma ko wata rana in zaki yi kar ki jefa masa kanwa kamar na miya. Sai ki matse ruwan da tawul, matsewa ba gogewa ba, ya zama da danshi amma baya ɗiga, in yana ɗiga ruwan zai tsinka maganin. Wasu kuma a busasshen gashi aka ce a sa su, takardar cikin kwalin ita ce alƙali.

Ki shafa basilin siriri a bakin goshi da saman kunne da ƙeya, a fata kawai kar ya taɓa gashin. Ki raba gashin gida huɗu ki kama kowanne. Ki fara da baya, ki ɗebi kaɗan-kaɗan kina shafawa daga kusa da gindi zuwa ƙasa, ba a fatar kai ba, gashi ake yi wa. In mai launi ne kuma bakin gashinki ya lalace, ki fara da tsakiya ki bar bakin sai ƙarshe don ya fi saurin kamawa. Kar ki yi rowa, gashinmu yana da cika, kwalbar da zata ishi Baturiya mai yiwuwa rabin kai zata miki, in naki mai yawa ne ki sayi biyu tun farko don babu abin haushi kamar ki kai gaba maganin ya ƙare. Kin gama sai ki bi da mataji a hankali ya ratsa ko'ina, ki tattara ki sa hular leda.

Lokaci ya danganta da wanda kika saya, wasu minti 3 ne a cikin wanka, wasu 15, wasu 20. Ki sa agogon waya. Irin su Adore suna son ɗumi, in kina da diraya ki zauna ƙarƙashinta kamar minti 15, in babu wuta, wanda dai kin san halin da ake ciki, ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki matse ki naɗa a kan ledar, in ya huce ki sake. Mai kwalba biyu kuma kar ki ƙara masa zafi sai in an rubuta, kar kuma ki wuce lokacinsa wai don ya fi kamawa, duhu zai yi ba kyau ba. Ni na taɓa zama ina waya da yayata har minti arba'in, gashin ya fito baƙi ƙirin kamar na sa hular gashi, sai da na yi wanki uku ya dawo daidai.

Ɗauraya da ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, banda mai zafi don zafi na fitar da launi, ki yi ta zubawa har ruwan ya fito fari. Yawanci ba a sa shamfu a nan, kwandishina kawai ki ɗauraye. In ruwan unguwarku mai gishiri ne, ɗaurayar ƙarshe ki yi da ruwan leda ko ruwan sama da kika tara, ki zuba cokali ɗaya na khal ɗin tuffa a kofi biyu na ruwa, wannan ɗan tsamin na taimaka wa ɓawon ya kwanta, warin kuma yana tafiya in ya bushe. Ki busar, sannan ki ɗiga mai kaɗan a tafin hannu ki murza ki shafa a baki-baki. Kaɗan fa nace.

Wata gaskiya da masu talla basa faɗa: gashin da bai ga rilaksa ba, mai murɗe-murɗen nan namu na asali, ba zai taɓa yin walƙiya irin ta madubi ba ko me kika sa, saboda haske baya dawowa miƙe daga abin da yake a murɗe. Abin da zaki gani shi ne launin ya yi zurfi, ya yi laushi, kitso ko kalaba in an yi su fito da wani haske mai kyau. Ni a ganina ma ya fi kyau a shuku ko zanen yawo, layin kitson ke fitowa raɗau. Kuma gilez kwalliya ce ba magani ba, bakin gashin da ya tsage sai almakashi, gashin da ke zubewa kuma dalilinsa daban, ko jini ne ya yi ƙasa ko haihuwa ko kitso mai ɗaurewa.

Wadda bata son na kwalba, ko kuɗin bai kai ba, lalle na yin kusan wannan aikin. Ba irin ƙunshin da ake lafta shi da kauri a kwana ba, sirkawa ake yi. Ki samu garin lalle zalla mai kore, na ganye da kika san inda aka daka, ki tankaɗe shi da kyau da rariya mai laushi ko tsohon ɗankwali don in ba haka ba sai kin kwana uku kina fitar da tsaki daga kai. Cokali biyu ki kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami kaɗan, ki rufe ki ajiye awa shida zuwa takwas ya saki launinsa, sai ki zuba shi cikin kamar rabin kofi na kwandishina ki juya, ki shafa yadda na faɗa a sama ki sa leda, minti 30 zuwa awa ɗaya ki wanke. Wasu da ruwan zoɓo suke kwaɓawa don jan ya ƙara fitowa, yana yi amma na zoɓon baya jimawa. Bambancin da ya kamata ki sani, lalle kama jikin gashin yake yi, baya fita da wanki kamar gilez, kuma duk sanda kika ƙara jan na ƙaruwa. A baƙin gashi sai a rana ake gani, a furfura kuwa ruwan lemo zai fito. In kina da niyyar mayar da gashinki launi mai haske nan gaba ki bar lalle, kuma lallen kwali da aka rubuta baƙi ko ruwan ƙasa ba lalle zalla bane, an haɗa shi da wani abu, wani da PPD wani da gishirin ƙarfe da baya jituwa da feroksayid. Lalle yana ɗan busar da gashi kuma, washegari ki yi stimin.

Don ya daɗe, ki bar kan kwana biyu zuwa uku ba wanki, bayan nan ki koma shamfu mai laushi wanda aka rubuta ba salfet a ciki, sabulun salo ki barshi wa jiki. Kwana biyun farko ki sa baƙar hula ko tsohon ɗankwali a ƙarƙashin hijabi, musamman in mai ja kika yi, don gumi na sa shi ya zuba, ni farin mayafina ɗaya ya tafi a haka. Atamfa da auduga suna tsotse danshin gashi, ki samu hular satin ki riƙa sawa a ciki da kuma lokacin barci. Mara launi kina iya maimaitawa duk sati biyu, mai launi duk wata ko in kin ga ya koɗe, amma duk bayan yi uku ko huɗu ki yi wankin nan mai cire komai, don abin na taruwa gashin ya yi nauyi ya koma dushewar da kika gudu. In don biki ko sallah zaki yi, ki yi ana saura kwana uku, ranar farko launin yakan fi duhu kuma tabon kunne bai gama fita ba, rana ta biyu ki kai wa mai kitso, kice mata ta rage man da take shafawa a tsaga.